Bahagon Majigi

Yaran yanzu in sun wuce ta tsohon gidan silima na unguwarmu, bango kawai suke gani da ƙofar langa-langa da ta yi tsatsa. Ni kuwa na san wurin tun ba bango, tun yana fili mai tsamiya biyu inda masunta ke shanya taru. Kowa yana da labarin da yake bayarwa a kan gidan nan, wanda ya gina, wanda ya saya, wanda ya rufe. Nawa labarin na gidanmu ne, kuma har yau in na tuna shi sai na ja gyale na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Amma waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma bakina bai iya riƙe magana ba.

Zamanin Turawa ne, kafin a fara maganar mulkin kai. Da rani motar En'e takan zo da majigi. Tun la'asar mai shela zai zaga Haɗeja yana faɗa, in an yi sallar isha'i sai a ɗaura wani farin ƙyalle tsakanin tsamiyoyin nan biyu, a ta da inji. Maza da yara a gaba suke zama, wajen injin. Mu mata bayan ƙyallen muke shimfiɗa tabarmi, don hoton yana ratsowa tar, kuma ba wanda zai ce mun cuɗanya da maza.

A duk matan unguwa ba wadda ta kai mahaifiyata son majigi. Iya muke ce mata. Soyayyen kifi take sayarwa, amma ranar majigi tun kafin magariba ta kife kasko, ita ce ta fari da tabarma. Kuma ba shiru take kallo ba, magana take yi da mutanen cikin ƙyalle. In jirgin ƙasa ya taho sai ka ji ta: "Kai mai jaki, kauce! Kurma ne kai?" In ya kauce ta ce, "Yauwa, ɗan albarka."

Maigidana masunci ne. Sunansa bakina bai taɓa faɗa ba, amma alƙalami ba shi da kunya: Haladu. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, in ya hau goran kamun kifi ya shiga ruwa sai ka rantse a can aka haife shi. Sai dai ban taɓa ganin mai kunyar surukai irinsa ba. Kowane namiji a garin nan ya san ba a cin abinci a gaban suruka, ba a shan ruwa, ba a haɗa ido. Shi ya wuce nan. Tun daga bakin lungun su Iya yake cire takalmi. Wata rana ta yi sallama gidanmu yana da ɓarin goro a baki, haka ya haɗiye shi ɗungurungum, ya wuni yana dukan ƙirji. Ita ma Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mutumin gidan Larai". Larai ni ce.

To, wani rani ana su a fadama wajen Auyo, sai ga wani Bature da akwati mai ƙafa uku, da tafintansa Malam Inuwa, wanda shi ne kuma yake bayani da lasifika ranar majigi. Suka duba masunta, suka zaɓi maigidana. Aka ce ya fito daga ruwa, ya zauna, ya ci abincinsa. Burabusko ne da miyar tarwaɗa, ni na dafa na aika masa a akushina mai baƙin baki. Ya tashi zai wanke hannu, Malam Inuwa ya ce a'a, Bature ya fi son sa haka da taɓonsa. Mutum tun asuba yana cikin ruwa, ga yunwa. Ya zauna ya ba akushi haƙƙinsa, Bature yana murɗa akwati.

Da ya dawo gida bakinsa har kunne. "Larai, yau Bature ya ɗauki hotona. Duk masuntan nan ni ya zaɓa."

Kafin gari ya waye ba gidan da ban kai labari ba. Har gidan 'Yar'azumi na shiga, maƙwabciyarmu, wadda ni da ita muke gasar riga juna jin magana. Na ce mata hoton mijina zai je har Ingila. Ta taɓe baki ta ce Allah ya kai shi lafiya.

Damina ta zo ta wuce, na haihu, muka manta. Da rani ya zagayo mai shela ya ce yau akwai majigi, kuma za a nuna mutanen ƙasarmu. Na ci ado, na goya jaririyata, na zauna daf da Iya a bayan ƙyalle. 'Yar'azumi tana bayanmu.

Aka fara da dalar gyaɗa a Kano, aka nuna allurar shanu. Sai muryar Malam Inuwa ta fito ta lasifika: "Jama'a, yanzu za ku ga mutum biyu. Ɗaya Mai Tsabta, ɗaya Ƙazami. Ku lura da kyau."

Mai Tsabta wani baƙo ne da farar riga, yana wanke hannu da sabulu kamar zai saɓule fatar. Iya ta ce, "Ya isa haka, bawan Allah, tuwon zai huce." Muka yi dariya.

Sai ga fadamarmu. Ga goruna a kan ruwa, ga masunta. Fili ya kaure da ihu, kowa yana kiran sunan nasa. Can sai wani kai ya ɓullo daga ruwa, ya yi ta matsowa har ya cika ƙyallen, kai kamar rumbu. Maigidana ne. Na dafa gwiwar Iya don murna. Ban san abin da ke tafe ba.

"Ga Ƙazami!" in ji Malam Inuwa.

Ya zauna. Taɓo har gwiwar hannu. Ya jawo akushina, kowace mace a unguwa ta san akushin nan. Ya yanko loma. Jama'a, bakin nan da ya buɗe ya kai ƙofar zaure. Ya tauna, ya suɗe yatsu, ya zare ƙaya daga haƙori, ya sake yankowa. Turawa kuma suka sako wani ƙuda ƙato kamar zakara yana wanke hannuwa, suka dawo da bakin maigidana, suka koma kan ƙuda. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ni dai a ganina tuwon nan ya fi wanda na aika yawa.

Duk wannan, Iya tana zaune kusa da ni, idonta a buɗe. Ita da bakinta ba ya hutawa, ta yi tsit. Abin ya zo mata ba shiri, kafin ta tuna ta ja mayafi ta rufe fuska har ya kai loma ta nawa.

Sai 'Yar'azumi ta kwatsa salati a bayanmu. "La'ilaha illallahu! Da hagu yake ci! Mata, ku duba, da hagu!"

Na duba. Wallahi da hagu yake ci. Ni da nake ajiye masa akushi safe da dare, na ga hannun hagu yana shiga baki. Mata suka ɗauki salati da shewa. Na so ƙasa ta tsage in shige da goyona. Ban san yadda aka ƙare ba, na ji dai an ce Ƙazami ya kwanta ciwon ciki. Iya ta naɗe tabarma ta tafi.

Maigidana yana gaba cikin maza a daren. Ya san inda Iya take zama, kowa ya sani. Bai kwana gida ba. Da asuba aka ga ba goransa a bakin kogi, aka ce ya bi ruwa ya yi wajen bukkokin masunta na Kirikasamma.

Gari kuma ya rabu biyu. Maza suka ce da dama ya ci, mata suka ce da hagu. Kada ku ɗauka wasa ne. Akwai gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba saboda maigida ya ce da matarsa makauniya. 'Yar'azumi ta bi gida gida tana rantsuwa da abin da zai kashe ta. Yara in sun gan ni sai su yi kamar suna kai loma da hagu. Na daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa.

Ana nan sai abokin maigidana Fannami ya dawo daga Kirikasamma, ya yi sallama, ya tsaya a zaure yana murza hula.

Na ce, "Fannami, faɗi. Ya mutu ne?"

"Da sauƙi dai. Yana nan, ya rame."

"To ka ce masa ya dawo. Sunan Ƙazami ai ba ya kisa. Yara za su gaji."

"Larai, ba sunan ba ne. Ya ce ko Ƙazamin duniya za a kira shi zai iya ɗauka. Hagun ma bai dame shi ba, ya san hannunsa." Fannami ya sunkuyar da kai. "Ya ce Iya ta ga bakinsa yana motsi. Ta ga haƙoransa. Ya ce da wane ido zai sake tsugunawa a ƙofarta? In sabon ruwa ya zo zai bi masu tafiya Chadi. Kuma ba zai bar ki a rataye ba, zai sawwaƙe miki."

Na ce, "Saboda tuwo?"

Ya ce, "Ke ma kin san ba tuwo ba ne."

Na sani. Da ni ce namiji, da tuni na wuce Chadin.

Na ɗauki goyo na tafi gidan Iya. Tun daren nan ba ta soya kifi ba, kasko yana kife kaji suna hawa. Na same ta a ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Na faɗa mata saƙon Fannami, ina kuka ina fyace majina.

Na ce, "Iya, ki aika masa ki ce ba komai."

"In ce ba komai me? In na ce ba komai, ai na ce na gani ke nan."

"To kin gani ɗin ai."

"Rufe min baki, mara kunya. Ni abin da ya hana ni barci, da na ga shi ne, me ya sa ban sunkuya nan take ba? Na zauna da furfurata ina kallon ɗan mutane kamar wata yarinya."

Muna cikin haka sai sallama. Malam Inuwa ne, wai ya zo sayen kifi, alhali duk gari an san Iya ba ta suya. Ya ji abin da ya faru, jikinsa ya yi sanyi, ya zo gyara ɓarna. Ya tsuguna a tsakar gida ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Iya, na zo in wanke Haladu ne. Wallahi da dama ya ci, ina tsaye a wurin. Ku da kuke bayan ƙyalle komai a juye kuke ganinsa, kamar mai duba madubi. Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. In kin yarda gobe in sa mai shela ya faɗa wa gari."

Ni sai a lokacin na gane. Na ji daɗi har na fara godiya.  Can Iya ta leƙo, mayafi a ka.

"Malam, ka gama?"

"Na gama, Iya."

"Wancan karon ka hana yaro wanke hannu. Wannan karon ka bar mai shela ya huta. Ni ban yi boko ba, abin da idona ya gani shi na sani. Ka gaida gida."

Ya fita yana waige. Ni ma ban fahimce ta ba. Na ɗauka ɓacin rai ne.

Ranar kasuwa Iya ta wanke kasko, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce in ɗauko mata itace. Ta zauna a wurinta na kullum ta hura wuta. Ba a jima ba mata suka cika wurin, masu sayen kifi kaɗan, masu kallon fuska da yawa. Ga 'Yar'azumi ta ratso su.

"Iya, sannu da fitowa. Ashe ana ganinku? Ya labarin suruki bahago?"

Iya ta juya kifi a mai, ba ta ɗago ba. "'Yar'azumi, ke kin tabbata da hagu mutumin nan ya ci?"

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Maza fa sun ce da dama."

"Maza! Su da ba su iya gane tsakanin gishiri da kanwa ba? Da hagu ne. Mata, ƙarya na yi?"

Mata suka amsa baki ɗaya, da hagu ne.

Sai Iya ta ajiye matsami ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Kun sauke min dutse daga ƙirji. Ni ma hagun na gani, na ɗauka tsufa ne. To ku je bakin kogi ku tambayi masunta, da wane hannu mutumin gidan Larai yake jefa birgi? Ku tambayi dangin uwarsa da wane hannu ya fara karɓar abu. Ba bahago ba ne, bai taɓa zama ba. Wancan wani ne mai kama da shi, Turawa suka samo bahagonsu a wani gari. Ni dai ban taɓa ganin surukina yana cin abinci ba, kuma Allah ba zai nuna min ba."

Wata ta ce, "Akushin Larai fa?"

Iya ta ce, "Masassaƙin da ya yi shi guda ɗaya ya sassaƙa ya mutu?"

Ku zo ku ga fuskar 'Yar'azumi. In ta ce maigidana ne, to ba da hagu ya ci ba, rantsuwar da ta bi gari tana yi ta zama kaffara, kuma maza sun yi nasara. In ta tsaya a kan hagunta, to ba shi ba ne.  Can ta ce, "Ni dama tun farko na ga kunnen bai yi kama da nasa ba."

Kafin la'asar ita da kanta ta kai maganar ko'ina, har da ƙarin cewa bahagon mutumin Gashuwa ne, ta san ƙanwar matarsa. Maza suka ji, suka gane inda tsohuwa ta dosa, suka yi gum. Fannami ya shiga jirgin ruwa a ranar, ya nufi Kirikasamma da labari.

Maigidana ya dawo ana kiran magariba, ya rame kamar kara. Bai shigo gida ba sai da ya fara zuwa lungun su Iya. Ina can, ina leƙe ta ɓular zana. Ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da ƙofa, kansa a ƙasa. Iya tana ciki bayan asabari.

"An dawo?"

"An dawo, Iya."

"Ya ruwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. Bayan tafiyarka ne ko kafin nan, Turawa suka nuna wani bawan Allah bahago a majigi, suka ci masa mutunci a gaban jama'a. Ko ɗan waye, oho. Allah dai ya rufa masa asiri."

 Ya ce, "Amin, Iya." Ya ajiye wani ƙaton kifi bargi a bakin ƙofa, ya ja da baya har ya fita. Maganar Chadi ba ta sake tashi ba. Muka zauna, na haifa masa yara har suka cika gida.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce Iya ta ci riba ba ta biya komai ba. Amma da rani ya sake zagayowa, En'e ta ce ƙyalle yana wahala, iska tana kaɗa shi, jemagu suna ɓata shi. Aka sare tsamiya ɗaya, aka gina bango mai tsawo aka shafe shi da farar ƙasa. Shi ne asalin gidan silimar nan, sauran bangaye uku da ƙofa da mai yankan tikiti duk daga baya suka zo. Aka kafa zana a gefe guda aka ce nan ne wurin mata. Su kuwa masu majigi kayansu ba yawa, abin da suka nuna bara shi suke dawowa da shi.

Ranar farko Iya ta kife kasko da wuri kamar yadda ta saba. Muka taho, tabarma a hammatarta, tana ta zuba. Da muka iso bakin fili ta tsaya ta dubi bangon.

"Larai, ina za mu zauna?"

"Ga zana can, Iya. Gaba za mu zauna yanzu."

"Bayan fa?"

"Bango ne, Iya. Ba a ganin komai ta baya."

Ta daɗe a tsaye. Inji ya tashi, yara suna ta gudu suna wuce mu. Sai ta miƙo min tabarmar. "Ƙafar nan tawa ta motsa. Je ki, in kin dawo kya ba ni labari."

Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Ko ɗingishi ba ta yi.

A daren aka sake nuna Mai Tsabta da Ƙazami. Mata muna zaune a gaba, kowa ta ga hannun da ya shiga baki. Ba wadda ta yi tari. 'Yar'azumi ma ɗankwalinta ta kwance ta yi ta gyara ɗauri har aka wuce wurin. Ni kuwa ƙasa nake kallo, kunnuwana kamar an zuba garwashi.

Iya ba ta sake taka filin nan ba har ta koma ga Allah. Aka kewaye shi, aka kawo finafinan Indiya da na kaboyi, duk a bakina ta gan su. In na dawo sai na tarar da ita a ƙofar ɗaki ta kunna aci-bal-bal tana jira, in zauna in kwashe mata tun daga farko, tana katse ni tana yi wa mutanen ciki faɗa. Masu cewa na cika surutu, to can na koya.

A wancan daren na farko ma haka na same ta. Na ba ta labarin dalar gyaɗa, na ba ta na allurar shanu, na tsaya ina sosa goyo.

Ta ce, "Bahagon nan ya fito?"

"Ya fito, Iya."

"Da wane hannu ya ci?"

Na ce, "Da hagu."

Ta ce, "To." Ta hure fitila.